Ido Ba Mudu Ba: Yadda Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwar Biri da Mutum Ke Gane Motsi, Tare da Misali Daga Titin Tirkaniya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwar birai da ta mutum ke sarrafa saƙon da ido ke aikawa har a gane cewa abu yana motsi, da inda ya nufa, da irin saurinsa. An bi sawun saƙon tun daga bayan ido zuwa sassan ƙwaƙwalwa uku da masana suka yi wa laƙabi da V1 da MT da MST, aka kuma kawo hujjojin da aka samo daga gwaje-gwajen birai da binciken marasa lafiya. An ɗauki tsallaka babban titin Nnamdi Azikiwe a unguwar Tirkaniya da ke Kaduna a matsayin misali. Maƙalar ta nuna cewa ganin motsi kirdado ne da wasu keɓaɓɓun ƙwayoyi ke yi, kuma wannan kirdado yana da wuraren rauni sanannu, waɗanda galibinsu a bakin titi suke haɗuwa.

1.0 Gabatarwa

Unguwar Tirkaniya tana kudancin Kogin Kaduna, daura da Nasarawa da Kakuri. Babban titin Nnamdi Azikiwe, wanda ya kewaye birnin ta yamma, yana ratsa wannan yanki, kuma ta kansa manyan motocin da suka fito daga hanyar Abuja ke bi su nufi Zariya da Kano. Duk wanda ke son tsallaka wannan titi, ɗan makaranta ne ko mai talla ko dattijo, sai ya amsa tambaya guda cikin ɗan lokaci: motar can da ke tafe, za ta iso kafin in ƙetare ko kuwa? Ba ya ɗauke da ma'aunin gudu, ba ya kuma yin lissafi a takarda. Dubawa yake yi, ya yanke hukunci, ya taka.

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. Kimiyyar ƙwaƙwalwa ta tabbatar da ɓangarorin wannan karin magana guda biyu: akwai ƙwayoyin da aikinsu ke nan ƙiyasta motsi, kuma ƙiyasi suke yi, ba awo ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa ɗalibi da Hausa inda waɗannan ƙwayoyi suke, da yadda suke aiki, da yadda aka gano su, da kuma inda ƙiyasinsu ke kuskure.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Ƙwayar jijiya ita ce ƙaramar halittar da aka gina ƙwaƙwalwa da ita. Tana aika saƙo ta hanyar ɗan bugun lantarki, kuma yawan bugun a cikin sakan guda shi ne ƙarfin maganarta. Ɓawon ƙwaƙwalwa shi ne shimfiɗar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa daga waje, mai kaurin milimita kaɗan. Tagar ƙwaya kuwa ita ce ɗan yankin da ƙwaya guda ke lura da shi a cikin duk abin da ido ke gani; abin da ya faru a wajen wannan taga ba ya sa ta bugawa.

1.2 Dalilin Amfani da Birai

Masana kimiyyar halittu sun sanya birai da mutum a rukuni ɗaya saboda kamannin ƙirar jikinsu: idanu biyu masu duban gaba, da ganin launi, da tsarin sassan gani a ƙwaƙwalwa. Yawancin binciken da za a ambata an yi shi ne a kan birin makak na nahiyar Asiya, wanda dangi ɗaya yake da jan biri da kirka da gwaggon biri da ake samu a dazuzzukan Arewa. Tun da ba a yarda a soka wa lafiyayyen mutum waya a ƙwaƙwalwa domin bincike ba, biri ne mafi kusa da za a saurari ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan aiki yana da masu suka, kuma ƙasashe da dama sun kafa dokoki masu tsauri a kan yadda ake kula da dabbobin.

2.0 Ganin Motsi Aiki Ne Mai Zaman Kansa

Harshen Hausa ya bambanta gani da kallo da hange da leƙe. Yana kuma da kalmomin gilmawa da wulgawa. Mutum yakan ce ya ga gilmawar wani abu ta wutsiyar ido, amma bai san ko mene ne ba. Wato ya san abu ya wuce, ya san ɓangaren da ya nufa, alhali bai ga siffarsa ko launinsa ba. Wannan bambanci da harshe ya adana yana da tushe a ginin ƙwaƙwalwa.

Masanin nan Hasan Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya nuna a littafinsa Kitab al-Manazir cewa haske ne ke shiga ido, kuma gani ba ya kammala sai hankali ya kwatanta ya yanke hukunci. A 1875 Sigmund Exner ya haska tartsatsin lantarki biyu kusa da juna, ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. Masu kallo suka riƙa ganin haske guda ya yi tsalle daga nan zuwa can, ko da tazarar lokacin ta yi ƙanƙantar da ba za su iya faɗin wanda ya riga wani ba. A kan wannan ɗabi'a aka gina sinima, inda hotuna 24 marasa motsi ke wucewa a sakan guda, mai kallo ya ga mutane suna tafiya. A 1917 kuma likita George Riddoch ya lura cewa wasu sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da aka raunata a ƙeya ba sa ganin abin da ke tsaye a wani sashe na gabansu, amma da zarar ya motsa sai su gane.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne a 1983, lokacin da Josef Zihl da abokan aikinsa a birnin Munik na Jamus suka ba da rahoton wata mata da aka sakaya sunanta da L.M. A 1978, tana da shekara 43, toshewar jijiyoyin jini ta lalata wani yanki a ɓangarorin ƙwaƙwalwarta biyu. Tana gane fuskoki, tana ganin launi, tana karatu, amma ganin motsi ya kusan ɓace mata, in ban da motsi mai sanyi ƙwarai. In tana zuba shayi sai ta gan shi a sandare, ba ta ganin tasowarsa a kofi har ya zube. Tsallaka titi ya gagare ta, domin takan ga mota can nesa, sai kawai ta gan ta dab da ita. Daga baya ta koyi dogara da ƙarar mota. A 1991 Semir Zeki ya raɗa wa wannan lalura suna akinetofsiya, wato makantar motsi.

3.0 Hanyar Saƙo Daga Ido Zuwa Ƙwaƙwalwa

3.1 Daga Retina Zuwa Ƙeya

A bayan ido akwai shimfiɗa mai karɓar haske da ake kira retina, mai ɗauke da ƙwayoyi masu jin haske kimanin miliyan 100. Jijiyar gani kuwa zarenta bai wuce miliyan 1 da 'yan kai ba, don haka tun a ido ake tace saƙo. Daga cikin ƙwayoyin da ke fitar da saƙon akwai manya, masu saurin amsawa, waɗanda ke jin ɗan canjin haske amma ba su damu da launi ba. Akwai kuma ƙanana, masu yawa, waɗanda ke ɗaukar launi da ƙananan siffofi. Saƙon yakan yada zango a wata cibiya da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa mai hawa shida: hawa biyu na manyan ƙwayoyi, huɗu na ƙanana. Daga nan ya wuce ɓawon ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, sashen da ake kira V1. Kaso mafi tsoka na saƙon da sassan motsi ke aiki da shi ta hanyar manyan ƙwayoyin yake zuwa.

3.2 Sashen V1

A ƙarshen shekarun 1950 David Hubel da Torsten Wiesel suka fara sauraron ƙwayoyin V1 na kyanwa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka kuma buga sakamakon irin wannan aiki a kan biri a 1968. Sun gano cewa ƙwayoyin ba su cika damuwa da ɗigon haske ba; layi ko gefen abu suke so, kuma kowace da karkatar da ta fi so. Wasu daga cikinsu ba sa bugawa sai layin ya motsa zuwa ɓangare guda. In ya tafi dama su yi ta bugu, in ya dawo hagu su yi tsit. Wannan aiki ya sa suka samu kyautar Nobel a 1981.

Ta yaya ƙwaya ke sanin alkibla? Bernhard Hassenstein da Werner Reichardt sun ba da wani bayani a 1956 bayan nazarin wani ƙwaro. A ƙaddara masu gadi biyu ne a bakin hanya, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, kowane zai sanar da maigida in mota ta wuce shi. Na gabas ɗan aike yake turawa da ƙafa, na yamma waya yake bugawa. In mota ta taso daga gabas, kafin ɗan aike ya iso ta kai wurin na yamma, sai saƙonnin biyu su iso wa maigida tare. In daga yamma ta taso, waya za ta riga ɗan aike da nisa. Maigidan da ba ya tashi sai saƙo biyu sun zo masa tare, ya zama mai gane tafiya daga gabas zuwa yamma, a kan wani gudu na musamman. Jinkirta saƙo guda da haɗa shi da na maƙwabci shi ne ginshiƙin yawancin bayanan da ake bayarwa har yau.

3.3 Matsalar Leƙe ta Kafa

Tagar ƙwayar V1 ƙarama ce ƙwarai, kuma wannan yana jawo matsala. A ɗauka mutum yana leƙe ta wata 'yar kafa a jikin zana, wani kuma ya wuce da doguwar gora a karkace. Mai leƙe ba ya ganin bakin gorar ko gindinta, tsakiya kawai yake gani. Ko gorar gaba ta yi, ko sama aka ɗaga ta, zai iya ganin abu iri ɗaya. Haka kuma in aka murza tufkakkiyar igiya tsakanin tafin hannu, sai a ga kamar murɗinta yana tafiya tsawon igiyar, alhali juyawa kawai take yi. Hans Wallach ya yi nazarin wannan matsala tun 1935. Ma'anarta ita ce, kowace ƙwayar V1 gutsuren gaskiya take riƙe da shi. Dole a samu wani sashe da zai tattara rahotanninsu.

3.4 Sashen MT

A 1971 ƙungiyoyi biyu suka gano wannan sashe. Ronald Dubner da Semir Zeki sun same shi a birin makak, John Allman da Jon Kaas kuma a wani birin dare na Kudancin Amurka, suka kira shi MT. Wasu na kiran sa V5. A mutum yana can bayan kunne, ɗan sama kaɗan, a kowane ɓangare na kai, kuma yankin da ya lalace a ƙwaƙwalwar L.M. ya haɗa da shi.

Abubuwa uku suka bambanta MT. Na farko, kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyinsa masu zaɓen alkibla ne, da yawa kuma suna da gudun da suka fi so. Na biyu, faɗin tagoginsu ya kai kimanin ninki goma na tagogin V1. Na uku, ƙwayoyin da ke son alkibla ɗaya a jere suke wuri guda, kamar yadda Thomas Albright da abokansa suka nuna a 1984, tamkar layin 'yan tumatir da na 'yan hatsi a kasuwa. A 1985 Anthony Movshon da abokan aikinsa suka ɗora jerin layuka biyu masu tafiya ɓangarori daban-daban a kan juna, ta yadda mai kallo zai ga saƙa guda tana tafiya ta tsakiyarsu. Ƙwayoyin V1 suka riƙa bin kowane jeri shi kaɗai. A MT kuwa aka samu wani kaso na ƙwayoyi da ke bin tafiyar saƙar gaba ɗaya, wato abin da mai kallo ke gani. A nan ake fara warware matsalar leƙe ta kafa.

3.5 Sashen MST da Tafiyar Mai Kallo

Mai tafiya a kan babur yakan ga duniya tana buɗewa daga wurin da ya nufa, bishiyoyi da shaguna suna kwarara ta gefensa. James Gibson ya bayyana muhimmancin wannan kwarara a 1950. A shekarun 1980 Keiji Tanaka da Hide-aki Saito a Japan suka gano cewa sashen MST, wanda ke maƙwabtaka da MT, yana da ƙwayoyi masu manyan tagogi da ke amsa wa buɗewa ko tsukewa ko juyawar abin da ake gani. Wannan sashe yana kuma karɓar labarin motsin ido da na kai, don a bambance motsin duniya da na mai kallo. Ɗalibi zai iya gwada wannan: ya rufe ido ɗaya, ya ɗan taɓa gefen fatar ɗayan a hankali, zai ga ɗaki ya girgiza. In ido ya juya da kansa ɗaki ba ya motsi, domin ƙwaƙwalwa ta san ita ta ba da umarni. In bayani ya yi ƙaranci sai a ruɗe, kamar fasinjan jirgin ƙasa a tashar Rigasa da zai ji nasa jirgin ya tashi alhali na kusa da shi ne ya motsa, ko yaron da ke ganin wata yana gudu a cikin gajimare.

4.0 Hujjar Cewa Waɗannan Ƙwayoyi Ne Ke Sa A Ga Motsi

Bugun ƙwaya a lokacin da abu ke motsi bai isa hujjar cewa da ita ake gani ba. William Newsome, wanda ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Stanford, ya tunkari wannan tambaya da wata dabara. Ana nuna wa biri ɗigo-ɗigo masu yawa a allo, galibinsu suna watsuwa barkatai, wani kaso kaɗan kuma yana tafiya ɓangare guda. Kamar mutum ne ya hau bene yana duban Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kowa na harkarsa, amma mutum biyar cikin ɗari sun nufi ƙofa ɗaya. Aikin birin shi ne ya nuna da idonsa inda ƙungiyar ta nufa, in ya dace a ba shi ɗigon ruwan 'ya'yan itace. Horarren biri yakan gane alkiblar ko da masu tafiya tare ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Sakamako uku suka fito. A 1988 Newsome da Edmond Paré suka lalata ɗan yanki na MT da sinadari, sai birin ya kasa wannan aiki a daidai wurin da yankin ke lura da shi, alhali ganinsa na layuka marasa motsi bai taɓu ba. Bayan wani lokaci kuma ya farfaɗo sosai. A 1989 Newsome da Kenneth Britten da Movshon suka nuna cewa bugun ƙwayar MT guda yana ɗauke da bayanin da ya kai daidai ƙwarewar birin gaba ɗayansa. A 1990 kuma Daniel Salzman da Britten da Newsome suka tura ɗan ƙanƙanin lantarki cikin rukunin ƙwayoyin da ke son alkibla guda, sai hukuncin birin ya karkata zuwa wannan alkibla, kamar an ƙara yawan ɗigon da ke tafiya can. Daga baya Michael Shadlen da Newsome suka gano wasu ƙwayoyi a sashen LIP waɗanda bugunsu ke ƙaruwa sannu a hankali yayin da birin ke tara shaida kafin ya yanke hukunci. Darasin a nan shi ne, hukunci a kan motsi yana buƙatar lokaci, kuma in shaida ta yi rauni lokacin yakan ƙaru.

5.0 Inda Kirdado Ke Kuskure: Komawa Bakin Titi

5.1 Motar da Ke Tunkarowa

Motar da ke gilmawa daga hagu zuwa dama tana ratsa tagogin dubban ƙwayoyi, don haka ganin gudunta ba wuya. Wadda ke tunkaro mai kallo kuwa kusan wuri ɗaya take a ido. Girmanta kawai ke ƙaruwa. David Lee ya nuna a 1976 cewa daga saurin wannan ƙaruwa ana iya ƙiyasta lokacin isowa. Matsalar ita ce ƙaruwar ba daidai take tafiya ba. A ɗauki mota mai faɗin mita 1.8, tana gudun kilomita 80 a awa, wato kimanin mita 22 a sakan. A nisan mita 100 faɗinta a ido digiri 1 ne, kwatankwacin faɗin ƙaramin yatsa in an miƙe hannu. Bayan sakan ɗaya ya zama digiri 1.3, bayan biyu 1.9, bayan uku 3.1, bayan huɗu ya haura 9. A lokacin da mai tsallaka ke yanke hukunci motar kusan ba ta canzawa a idonsa, sai ta zo dab sannan ta kumbura farat ɗaya. Mai tafiyar mita 1.3 a sakan yana buƙatar fiye da sakan 5 ya ƙetare layi biyu masu faɗin mita 7, motar kuwa sakan 4.5 take buƙata. Da gudun kilomita 50 take yi, da sai ta ɗauki sakan 7. A kilomita 30 kuwa sakan 12. Babur, da yake bai kai rabin faɗin mota ba, saƙonsa ya fi rauni, kuma bincike ya nuna mutane sukan ɗauka ƙaramin abu zai fi babba jinkirin isowa.

5.2 Hazo da Duhu

Peter Thompson ya nuna a 1982 cewa in bambancin haske tsakanin abu da bayansa ya ragu, akan ga kamar tafiyarsa ta yi sanyi. A 1998 Robert Snowden da abokansa suka ba da rahoton cewa masu tuƙin gwaji a kwamfuta sun ƙara gudu da aka dusashe musu hanya. Wani bincike na 2012 ya samu akasin haka a inda hazon ya rufe nesa ya bar kusa, don haka magana a kan direba ba ta ƙare ba. Ga mai tsallaka kuwa lamarin a fili yake: a hazon hunturu, ko da almuru, motar da ke nesa ita ce ta fi dusashewa, kuma a kanta yake yanke hukunci.

5.3 Ƙuruciya

A 2011 John Wann da abokan aikinsa a Ingila suka gwada yara 'yan shekara 6 zuwa 11 da hoton mota mai tunkarowa. Sun gano cewa in gudun ya wuce kimanin kilomita 32 a awa, yara ba sa iya dogara da ganinsu wajen gane cewa motar da ta rage sakan biyar ta iso tana matsowa, alhali manya suna ganewa har zuwa wajen kilomita 80. Saboda haka yaron da ya duba ya taka ba lallai ne ganganci ya yi ba. Yana iya yiwuwa ya duba da kyau, ƙwaƙwalwarsa ce ba ta gama nuna ba.

5.4 Sabo da Gudu

A 1834 Robert Addams ya daɗe yana kallon wani ruwa mai gangarowa daga dutse a Sikotilan, da ya mai da ido kan duwatsun gefe sai ya ga kamar suna hawa sama. Wanda ya je gangaren ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, ko ya tsaya a amintaccen wuri ya ƙura wa Kogin Kaduna ido da damina na minti guda, zai ga irin haka. Dalili shi ne ƙwayoyin da ke son alkiblar ruwan sun rage bugu saboda daɗewa, sai masu kishiyar alkibla suka rinjaye su. A 1995 Roger Tootell da abokansa suka ga alamar wannan a sashen MT na mutum ta na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Direbobi ma suna fama da wani nau'in sabo: wanda ya daɗe yana sharara gudu a buɗaɗɗiyar hanya yakan ji kamar ya rage sosai alhali bai rage yadda yake zato ba. Direban da ya kwaso doguwar tafiya daga Abuja yana shigowa yankin Tirkaniya ne a cikin wannan hali.

6.0 Shawarwari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Bisa abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

i. A rage gudu a inda babban titi ya ratsa unguwa. Sanarwar Stockholm ta 2020 ta nemi kilomita 30 a awa a inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Inda hakan ba zai yiwu ba, a raba su ta hanyar gadar ƙafa da tsibirin tsayawa a tsakiyar titi.

ii. Kada a bar yaran firamare su tsallaka babban titi su kaɗai da hujjar cewa an koya musu duba hagu da dama.

iii. Direba ya duba allon gudu in ya shigo gari, kada ya dogara da yadda yake ji a jikinsa. Ya kuma kunna fitila a hazo ko da rana ce, domin masu tsallaka su gan shi.

iv. A daidaita kalmomin wannan fanni a Hausa. Kaduna tana da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, inda masu jin Hausa ke zuwa neman magani. Allon haruffan da ake gwada ido da shi kaifin ganin abin da ke tsaye yake aunawa. Maras lafiyar da ke ganin haruffa tar amma motsi na ruɗa shi yana buƙatar kalmomin da zai faɗa wa likita abin da ke damunsa.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ganin motsi aiki ne da aka raba tsakanin sassa: V1 yana tsinto gutsattsarin motsi ta ƙananan tagogi, MT yana haɗa su ya fitar da alkibla da gudu, MST yana lura da tafiyar mai kallo, wasu sassan kuma suna tara shaida su yanke hukunci. Gwaje-gwajen birai da labarin L.M. sun tabbatar da cewa in aka taɓa waɗannan ƙwayoyi, abin da ake gani yana canzawa. An kuma ga cewa ƙiyasin yana rauni a gaban mota mai tunkarowa, da cikin hazo, da wurin yaro, da bayan doguwar tafiya. Tun da ba a iya sauya ginin ƙwaƙwalwa, abin da ya rage a hannun hukuma da direbobi da iyaye shi ne gudun mota da tsarin titi da rakiyar yara.